Barcin da Baba Bai Yi Ba

Aikin farko da na samu bayan shekara tara ina gida ina rainon yara shi ne ƙirga motoci. Duk wanda na faɗa wa sai ya yi dariya, ni ma in taya shi, amma wallahi aiki ne sosai, da fom ɗinsa da rigarsa da ogansa. Wani kamfanin injiniyoyi aka ba nazarin titunan Maiduguri, su kuma suka ɗebi mutane na wata guda, a zaunar da su a mahaɗar hanyoyi su riƙa rubuta abin da ya wuce. Ƙanwar mijina ce ta ga sanarwar, ta kwashi takarduna na makaranta ta kai ba tare da ta shawarce ni ba. Ranar da aka kira ni ina tsakiyar wanke-wanke, da kumfa a hannu na ɗaga wayar.

Kwana ɗaya aka yi ana koya mana. Wanda aka ɗora a kanmu wani matashi ne ɗan unguwar Abbaganaram, dogo, mai saurin magana, kullum jakar kwamfuta na rataye a kafaɗarsa. Injiniya muke ce masa. Ba mugu ba ne, gaggawa ce ta yi masa yawa. Ya ce a kowane titi za mu tarar an ja farin layi da fenti a kan kwalta. Duk abin hawan da ya ƙetare layin nan a yi masa zane ɗaya a fom, huɗu a tsaye, na biyar ya gitta su. Keke napep da gidansa, ƙananan motoci da nasu, manya da nasu, har kurar 'yan ga-ruwa an ba ta gida. Duk bayan minti goma sha biyar a sauka jere na gaba. Sau uku ya maimaita cewa abin da ya ƙetare farin layi kawai ake so, mu kuwa muna ta gyaɗa kai, hankalinmu na kan rigunan da za a raba.

Aka ajiye ni a wata mahaɗa da ke bakin unguwarmu Bolori, inda hanya huɗu suka gamu, tafiyar minti goma daga ƙofar gidana. Mu huɗu ne, kowa da titinsa. Biyu 'yan mata ne da suka gama karatu suna neman aiki, su suna can ƙetare a gaban wani kemis. Ni kuma aka haɗa ni benci ɗaya da wani dattijo a gindin darbejiya, shi yana fuskantar titin da ya fito daga wajen Gomari, ni ina fuskantar wanda ya fito daga cikin Bolori. Tun ranar farko na fara ce masa Baba, shi kuma ya ce mini 'yata.

Baba malamin firamare ne da ya yi ritaya, mutumin kudancin Borno, ya daɗe da zama a Gomari shi da matarsa, wadda yake kira Mama kamar yadda 'ya'yansu ke kiranta. Shi ke karanta sanarwa a cocinsu ranar Lahadi, kuma da muryar sanarwar nan yake kowace magana, ko da ruwa yake so a miƙo masa. Kafin shida da rabi ya iso, farar rigarsa ta sha guga, fensir uku a aljihu duk ya fiƙe su da reza. Yana zama zai kwance agogonsa ya ɗora a gwiwa. Da ya ji mahaifiyata Kanuri ce amma ni Kanurina bai wuce gaisuwa ba, shi ke nan na shiga uku. Kullum sai ya tare ni da wushe, gaisuwar Kanuri, in amsa, ya ci gaba da zubo yaren, in tsaya ina zare ido, ya ce abin kunya ne baƙo daga kan dutse ya fi 'yar gida. Ni kuma in ce masa yana ƙirga motoci kamar mai kiran sunan 'yan aji, saura kaɗan ya tsayar da wadda ta makara ya tambaye ta dalili. Ya ce da za a bar shi da ya yi, don masu napep sun fi 'yan aji biyu rashin ji. Ƙarfe tara ya buɗe fulas ɗin kunun gyaɗar da Mama ke dama masa, ya zuba mini a murfi.

Shekara da shekaru ina bin titin nan, amma sai da na zauna ina kallonsa na gane yana da halinsa kamar mutum. Da sassafe na masu biredi ne da motocin kayan miya. Kafin bakwai napep ɗin 'yan makaranta su fara zubowa, yara cushe, jakunkuna a rataye ta waje. Litinin ta fi kowace rana zafin kai. Juma'a da safe titin na lallaɓawa kamar ba shi ba, Lahadi kuma Baba ba ya zuwa, ana turo wani. Har na kai idan na ji ƙarar wata tsohuwar tifa daga nesa na san bakwai da kwata ta yi ba sai na duba agogo ba. Na ga dattawa biyu a napep biyu sun haɗu a tsakiyar hanya, kowa ya taɓa direbansa ya tsaya, suka shiga gaisuwa, gida, iyali, gajiya, zafi, jikoki, bayansu ana ta danna ham, su kuwa ko a jikinsu. Baba ya dube ni ya ce dangina ne, in je in raba su.

Duk wannan daɗi ne. Inda matsala take shi ne takwas saura kwata.

Daidai wannan lokacin ma'aikata da 'yan kasuwa da waɗanda suka makara kai yara duk suke faɗowa mahaɗar lokaci guda. Masu napep su tsaya a bakin mahaɗar su sauke fasinja, wani ya zagaye su ta hannun da ba nasa ba, na gaba ya yi kiciɓis da shi, sai komai ya tsaya cak. Mai ba da hannu ya busa usur har ya gaji ya koma inuwa. Titi ya cika maƙil tun daga gabanmu har inda ido ya ƙare, hayaƙi, ham, zage-zage cikin harshe uku, amma babu abin da ke ƙetare farin layi sai ɗai-ɗai. Hannuna da ke ta gudu tun bakwai sai ya zauna ba aikin yi. In dubi titi, ba masakar tsinke. In dubi fom, jeren takwas saura kwata kusan fayau.

Abin nan ya tsaya mini a rai. A cikin goslon nan 'ya'yana ke makara kusan kullum a tsayar da su a bakin get. Ga shi an ba ni takarda in rubuta wa manya halin da titinmu ke ciki, takardar kuma tana cewa lokacin da muka fi shan wuya shi ne lokacin da titin ya fi zama wayam. Ga kuma jita-jita ta cika unguwa cewa mahaɗar da ta fi yawan motoci ita za a yi wa gadar sama, ko aƙalla a kafa mata danja. Ban san wanda ya ƙago zancen ba, amma kowa ya ɗauka. Masu napep da suka maƙale a gabana su leƙo su ce, Hajiya a rubuta da kyau. Mai ƙosan da ke kusa da mu ta ce in tuna ni 'yar unguwa ce. Har maƙwabciyata ta shigo gida musamman ta ce duk Bolori ni ta zuba wa ido.

A rana ta huɗu na fara ƙarawa. Idan titi ya tsaya, sai in ƙirga waɗanda ke tsaye a gabana in zana su, in sun motsa sun ƙetare in sake zana su. A raina ba ƙarya nake yi ba, gyara nake yi wa takarda don ta faɗi abin da kowa ke gani. Da muka haɗu da 'yan matan nan wajen sallar azahar na ɗan taɓo zancen, sai suka fashe da dariya, ashe su tun rana ta biyu suka fara. Muka sa wa abin suna gyara, muka ji daɗin kanmu.

Baba ya gani, don benci ɗaya muke. Wata safiya wata tifar yashi ta tsaya a gabana ta ƙi gaba, na zana ta. Bai ɗago daga agogonsa ba ya ce, "'Yata, waccan tifar ba ta ƙetare ba."

Ni kuma bakina ba ya jira. Na ce, "Amma ai tana nan, Baba. Ko aljana ce ni kaɗai nake ganinta?"

Ya ce tana nan kam, amma ba a tambaye mu abin da ke nan ba. Na ce shi ba ɗan Bolori ba ne shi ya sa. Bai sake tayar da zancen ba, ranar ko wata rana. Ƙarfe tara ya zuba mini kununa kamar kullum. Shi dai idan titi ya tsaya sai ya ajiye fensir, ya harɗe hannuwa, ya sunkuyar da kai yana kallon agogon da ke gwiwarsa, har sai wani abu ya ƙetare layi ya ɗauki fensir ya yi zane ɗaya.

Ranar Alhamis ta mako na biyu Injiniya ya zo bayan an tashi, ya tara mu huɗun a gindin darbejiya, ya buɗe kwamfuta a kan benci. Ya nuna mana wani zane mai zare huɗu, kowane zare na mutum ɗaya. Namu mu uku suna hawa tun daga bakwai, su yi tozo a takwas saura kwata, su gangaro. Na Baba yana hawa tare da namu, yana zuwa takwas saura kwata sai ya faɗa rami, sai bayan takwas da kwata ya farfaɗo. Haka nasa yake kullum, kwana goma. Injiniya ya ce mahaɗa ɗaya ce, lokaci ɗaya ne, ba zai yiwu titi uku su cika na huɗu ya bushe ba. Ya ce kuma shekaranjiya ya wuce ta ƙetare da ƙafa, ya ga Baba da idonsa, hannu a harɗe, kai a sunkuye, fensir a ajiye. Ya ce ya san girma ya zo, ga zafi, ba laifi ba ne, amma aikin ba zai ɗauka ba. Ya zaro jan biro ya rubuta a saman fom ɗin Baba cewa yana barci a bakin aiki, ya ce a ba shi rigar.

Baba ya miƙe tsaye. Ya ce, "Shekara talatin da biyar ina koyarwa, ban taɓa barci a aji ba. Abin da ya ƙetare layi na rubuta."

Injiniya ya ce ya ji, amma lissafi ba ya ƙarya. Baba ya cire rigar, ya ninke ta tsaf kamar za a sa a akwati, ya miƙa masa da hannu biyu. Bai dube ni ba. Da ya dube ni wataƙila da na yi magana, ko kuma dai ina faɗin haka ne don in rage wa kaina. Gaskiyar ita ce tsoro na ji. An ce waɗanda suka yi ƙoƙari za a riƙe su a kashi na biyu na aikin, na wata shida. Ni kuwa na ɗanɗana fita da safe da riga mai ƙyalli, ƙaramar 'yata tana gaya wa ƙawayenta mamanta ma'aikaciya ce. Ni da ba a taɓa ja da ni a layin famfo na yi shiru ba, ranar na tsaya kamar an ɗinke mini baki, ina kallon dattijo yana tsayar da napep.

Juma'a da Asabar wani sabon mutum ya zauna a gefen Baba na benci, magidanci ne mai shiru-shiru, ba ya wasa ba ya dariya. Ƙarfe tara ta yi ba kunu. Na ci gaba da gyarana.

Ranar Litinin ina zaune na hango wata farar riga a ƙetaren titi, a gaban shagon wani Inyamuri mai sayar da kayan gyaran napep. Baba ne a kan kujerar roba, agogo a gwiwa, littafin rubutu irin na 'yan makaranta a hannu. Na ji masa tsoro, don a garin nan, bayan abin da muka gani, mutum ba ya zama a bakin titi yana rubuta motoci ba riga ba katin shaida a ƙyale shi. Ban gama tunanin ba kuwa sai ga 'yan sintirin unguwa biyu sun tsaya a kansa. Mai shagon ya fito ya ce dattijon cocinsu ne, shi ya ba shi kujerar. Mai ƙosai ta bar kaskonta a wuta ta ƙetara da matsami a hannu, ta ce wannan malamin da ya yi mako biyu a gindin darbejiya ne yau za su ce ba su san shi ba? Suka ba shi haƙuri suka wuce.

Da aka tashi na ƙetara wurinsa ina jan ƙafa. Ya tare ni da wushe kamar ba abin da ya faru. Na tambaye shi me yake yi a nan. Ya ce Mama ba ta san an sallame shi ba. Kullum tana tashi ta dama kunu ta cika fulas, shi kuma ya karɓa ya fito. Juma'a da Asabar a harabar coci ya zauna har azahar, ya ga zaman banza zai kashe shi, ya dawo inda ya saba.

"Kora ba komai ba ce, 'yata, an kori waɗanda suka fi ni. Amma in ta ce me ka yi, in buɗe baki in ce barci? Matar da ta yi shekara arba'in tana ganin ina riga zakara tashi?"

Sai ya nuna mini littafin. Tun da ba shi da fom, wani abu daban ya ƙirƙiro wa kansa. Yakan zaɓi mota ɗaya idan ta iso wani turken wuta da ke can baya, ya duba agogo, ya bi ta da ido har ta ƙetare farin layi, ya sake dubawa, ya rubuta. Da sassafe kafin ka gama amsa sallama ta wuce. A takwas saura kwata kuwa, ya ce ya bi wata tankar ruwa da ido har ya haddace rubutun da ke bayanta. Ya ce wannan ne ya kamata a tambaye mu tun farko idan wahalar mutane ake son sani, don titin da ya toshe ba ya wuce da komai, kamar mazurari ne in an ɗura masa gero da yawa lokaci guda. Yana bayanin yana jin daɗi, har da nuni da fensir, ya manta ma korarre ne.

Jira nake ya ce in je in faɗi gaskiya. Da ya ce, da na sami abin yin gardama da shi, in ce ina da yara, in ce ba ni kaɗai ba ce. Bai ce ba. Ya buɗe fulas ya zuba mini kunun da ya rage, ya ce ya huce amma in sha haka. Ban taɓa jin haushin mutum da kunyarsa lokaci guda kamar ranar ba.

Na koma gida na ƙona miya, na yi wa yara faɗan da ba su ci ba, mijina ya dawo daga shagon ɗinkinsa ya tambayi abin da aka yi mini na ce ba komai da ƙarfi. Daga baya sai na kwashe duka na gaya masa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce to yanzu me zan yi. Na ce ban sani ba. Ya ce na sani, ya tashi ya tafi masallaci. Shi ma na ji haushinsa.

Ranar Laraba da bakwai da rabi sai ga Injiniya a fusace. Ashe sabon mutumin da ya kawo, da yake ba wanda ya koya masa gyara, shi ma zarensa rami yake faɗawa a takwas saura kwata. Injiniya ya tsaya a kanmu yana cewa shi bai gane ba, ko bencin nan maganin barci aka shafa masa. Sabon mutumin ya rantse bai runtsa ba. Na ga abin da aka yi wa Baba za a sake yi wa wani bawan Allah a gabana, sai kawai na ji na miƙe. Na miƙa wa Injiniya fom ɗina da fensir, na ce don Allah ya zauna a wurina ya ƙirga kwata biyu, rabin awa kawai, da hannunsa. Ya ce ba shi da lokaci. Na ce ko yana da shi ko ba shi da shi motarsa ba za ta fita daga nan ba sai bayan takwas, gara ya zauna a inuwa.

Ya zauna. Minti goman farko hannunsa na gudu, har yana ɗan murmushi irin na wanda ya iya. Sai wani mai napep ya tsaya a bakin mahaɗa yana sauke wata mata da buhunan gawayi, wata bas ta zagaye shi, wata akori-kura ta taho ta gaba, komai ya tsaya. Injiniya ya riƙe fensir a sama yana jira. Ya dubi titi, ya dubi layi, ya dubi fom. Wani ɗan ga-ruwa ya samu ya kutsa da kurarsa ta gefe, ya zana shi da sauri kamar wanda aka yi wa kyauta. Can ya ajiye fensir, ya harɗe hannuwa, ya sunkuyar da kai yana duba lokaci a wayarsa. Mai ƙosai ta leƙo ta ce a hankali, oga ya yi barci.

Da kwatar ta cika ya ɗauki fom ɗina na jiya ya ajiye kusa da nasa. Jerena na takwas saura kwata cike yake har ya tsallaka gefe, nasa kuwa ko rabi bai kai ba. Ya ɗago ya dube ni.

Na ce, "Ƙarawa nake yi, Injiniya. Tun rana ta huɗu. Waɗanda ke tsaye nake zanawa. Na Baba ne daidai, kuma na sani ranar da ka kore shi."

Ban ambaci 'yan matan ba, amma ba sai an gaya masa ba, zarensu da nawa tagwaye ne. Sai ya dafe kai ya ce abin takaicin shi ne ya san wannan, an koya musu a makaranta, har jarrabawa ya rubuta a kai, cewa idan titi ya cushe abin da ke wucewa raguwa yake yi. Amma da ya ga uku sun yi baki ɗaya, ɗaya ya bambanta, kuma ɗayan tsoho ne, bai ko tsaya tunani ba. Daga nan ya juyo kaina, kuma ya wanke ni tas. Aikin mako biyu na titi uku ya tashi a banza, sai an sake. Ya ce zan ƙarasa watan don ba shi da lokacin koya wa wani, amma in cire rai da kashi na biyu. Na ce na ji. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, har yau in na tuna wata shidan nan sai na ja tsaki, amma ban ce bai kyauta ba.

Ya tambayi inda zai sami Baba, ko ina da lambarsa. Na nuna masa ƙetaren titi da baki.

Muka ratsa ta tsakanin motocin da ke tsaye, ni ina biye da shi. Injiniya ya isa gaban kujerar roba, ya sauke jakar kwamfuta, ya durƙusa har ƙasa kamar yadda ake gaida manya a gidajensu, ya shiga gaisuwa da Kanuri. Baba ya bar shi ya yi ta tun daga farko har ƙarshe, yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, bai rage masa ko guda ba. Sannan Injiniya ya ba da haƙuri, ya ce a dawo aiki yau ɗin nan, kuma yana so a ba shi aron littafin nan ya nuna wa manyansa. Baba ya ce littafi ba matsala, aiki ma zai dawo, amma a fara kawo fom ɗin ranar Alhamis. Aka lalubo shi a jaka. Baba ya sa shi ya soke jan rubutun nan da biron da ya rubuta shi, layi ɗaya miƙaƙƙe, ya rubuta a ƙasa cewa kuskure ne, ya sa hannu. Baba ya karɓa ya karanta a hankali, ya nuna masa inda ya manta kwanan wata. Mai shago da mai ƙosai suna tsaye suna kallo, Injiniya yana durƙushe yana gyarawa a kan gwiwarsa.

Da ya tafi ɗauko rigar a mota, na matsa kusa na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Kwana shida ina jin haushinki, 'yata. Na gaji, abin da nauyi. Ya wuce."

Na fara hawaye a bakin titi, ni da girmana, da rigar ma'aikata a jikina. Ya ce in bari, masu napep na kallo, za su ce ya doke ni. Ya ninke fom ɗin gida huɗu ya sa a aljihun gaba, ya danna shi da tafin hannu. Na ce ai na kamfani ne, Injiniya zai nema. Ya ce zai dawo musu da shi gobe, yau dai gida zai kwana.

"Yanzu zan iya gaya wa Mama an kore ni ranar Alhamis," in ji shi.

Ya ɗauki fulas ɗinsa, ya gode wa mai shago, muka ƙetara tare muka koma benci kafin titin ya buɗe.